Hunturu Huɗu a Jikin Dutsen Garin Kawuna

A Maroko na fara hawan dutse da igiya, lokacin ina karatun ilimin duwatsu da ma'adinai a Marakesh. Abokan karatu ne suka ja ni zuwa kwazazzabon Todga kusa da garin Tingir, daga baya kuma muka je wani ƙauye a tsaunukan Atlas da ake kira Taghiya. A wancan lokaci mota iyakarta Zawiyat Ahansal, sai ka sauka ka taka da ƙafa wajen awa biyu, alfadari na ɗauke maka kaya. Katangun dutsen wurin wasu sun kai ɗaruruwan mita, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne gidajen da muka kwana. Na mutanen ƙauyen ne. Su ke dafa abinci, su ke da alfadarai, 'ya'yansu ke nuna hanya. Ina kwance a nan na tuna da dutsen da ke bayan gidan kawuna a ƙasar Ningi, inda nake zuwa hutu ina yaro.

Daga Kano sai ka bi ta Wudil da Birnin Kudu ka shiga Ningi, daga nan ka bar kwalta ka hau babur fiye da awa guda, ka tsallake rafi biyu waɗanda da damina ba sa tsallakuwa. Dutsen yana da fuska huɗu. Ta baya kwance take, awaki ma hawa suke yi. Ta arewa kuwa a tsaye take cak, da na auna ta da igiya daga baya na sami mita 80 da 'yan kai. Wannan fuska ce na sa wa ido, domin da hunturu rana ta kudu take karkata, don haka arewa tana cikin inuwa kusan wuni guda. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga Maris zuwa Mayu dutse kan yi zafin da ba a iya ɗora masa tafin hannu, da damina kuma santsi da gansakuka. Watanni huɗu kawai kake da su, Nuwamba zuwa Fabrairu.

Da na faɗa wa Kawu abin da ya kawo ni, ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Kai ɗan nan, me aka ajiye a can sama da za ka je ɗaukowa?" Na ce ba komai, Kawu, hawan ne kawai, wasa ne kamar dambe ko kokawa, har a gasar Olamfik ta Tokiyo an saka shi a 2021. Na ba shi labarin tsibirin Kalimnos na ƙasar Girka, inda mutane suka dogara da nutso a teku suna ɗebo soso har sana'ar ta ja baya, sai wani ɗan Italiya, Andrea di Bari, ya ga duwatsunsu a 1996, yanzu kuma hanyoyin hawa a can sun haura dubu uku, baƙi ba sa yankewa. Kawu ya saurara har na gama, ya ce gobe bayan sallar asuba za mu je gaida Dagaci.

Mun tarar da Dagaci a zaure. Na cire takalmi na durƙusa na ce, "Allah ya ja zamanin Dagaci." Kawu ne ya yi bayani, ni na nuna hotuna a waya. Dagaci ya ce, "Kai ɗan 'yarmu ne, ba za mu hana ka dutse ba. Amma dutsen ba nawa ba ne ni kaɗai. Ka ga Sarkin Baka?" Na ce ban gan shi ba. Ya ce to in fara da shi, shi kuma zai sanar da Hakimi, in kuma rubuta takarda zuwa ƙaramar hukuma da ofishin 'yan sanda don kada a ga baƙi da igiyoyi a yi wani zato.

Kwana biyu muka yi da Sarkin Baka muna zaga dutsen, kuma a waɗannan kwanaki ne taswirar da na zana a Kano ta rushe. Tsoho ne siriri, yana tafiya da silifas a kan falalen da ni nake lallaɓawa. Ya kai ni wani fili a can sama da ban taɓa sanin yana nan ba, kufai ne. Ga sauran ganuwar dutse da aka jera da hannu, ga ramukan niƙa a jikin fa sun yi sumul saboda daɗewar aiki, ga tsingaron tukwane ko'ina. Ya ce nan kakanninsu suka zauna lokacin yaƙe-yaƙe. Na san tarihin a takarda: a tsakiyar ƙarni na 19 Malam Hamza da wasu malamai suka baro Tsakuwa ta ƙasar Kano suka shiga duwatsun Ningi, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran mutanen dutse, suka gagari Kano da Bauchi da Zazzau har zuwan Turawa. Amma karanta abu daban, tsayawa a kan makwancin mutanen daban. Ya nuna mini jerin duwatsu a gefen gabas ya ce, "Waɗannan kaburbura ne, yaro. Igiyarka kada ta bi ta kansu." Hanyar da na tsara za a riƙa bi a sauko ta nan ta ratsa. Na soke ta.

Ya nuna mini kogon ƙudan zuma, wanda gida uku ke ɗiba tun iyaye da kakanni, da tsagar da mesa ke kwana, da inda rema ke fitowa shan hantsi, da wani ɗan baranda da farin kashi ya zubo daga gare shi, sheƙar shaho ce. Kashi ɗaya cikin uku na fuskar arewa ya fita daga lissafina tun kafin in kwance igiya.

A rana ta biyu ya tsaya gaban wani faffaɗan dutse da ya jingina da wani, ya ɗauki tsakuwa ya buga. Sai ga amo kamar na ƙararrawa, ya sake bugun wani gefe amon ya sauya. Ya ce da can 'yan mata kan zo su kaɗa shi idan za a kai amarya. Irin waɗannan duwatsun kiɗa ne Bernard Fagg ya rubuta labarinsu a Birnin Kudu a shekarun 1950, kusa da kogunan da ke da zanen shanu na mutanen da. Na tambaye shi me ya sa wannan ke kiɗa, na kusa da shi ba ya yi. Ya ce, "Wannan ya rabu da uwarsa." Abin da aka koya mini a aji ke nan, da doguwar magana. Irin dutsen nan yana ɓarewa ne falle-falle kamar albasa, zafin rana da sanyin dare da ruwan da ke shiga tsaga suna raba fallen sama da na ƙasa. A ido lafiyarsa ƙalau, a ciki kuwa akwai rata. Shi ya sa mai kafa ƙusar da mahaya ke maƙala igiya a jikin dutse ke yawo da guduma. Idan ka ƙwanƙwasa ka ji ƙas, gajere, guduma ta dawo maka, wurin yana da uwa. Idan ka ji ya amsa kamar ganga, ko ka ji rawarsa a ɗayan tafin hannunka, ka matsa.

Ranar da na fara kunna injin huda dutse, kafin la'asar labari ya kai kasuwa cewa jikan gidan su Kawu ya zo haƙar kuza. Wasu suka ce nakiya zan dasa irin ta masu fasa dutse. Ban ga laifinsu ba. Duwatsun Ningi da Burra dangin na Jos ne da ake samun kuza a cikinsu, sun haura shekara miliyan 150, kuma mutanen karkara sun sha ganin baƙo ya zo da murmushi ya tafi ya bar musu rami. Ga shi kowa ya san abin da na karanta. Dagaci ya ce maganin zato gani da ido. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka taru a gindin dutsen. Na huda rami a gabansu, faɗinsa milimita 10, zurfinsa bai wuce ɗan yatsa ba. Na tara garin da ya fito na zuba wa Dagaci a tafin hannu, bai cika cokali biyu ba. Na buga ƙusa na ɗaure ta da sufana, na maƙala igiya, na ce majiya ƙarfi goma su zo su ja. Suka ja har suka gaji. Na gaya musu ƙa'idar da ake gwada irin wannan ƙusa da ita a Turai ita ce ta ɗauki abin da ya kai tan biyu da rabi, wato buhun masara 25 mai kilo 100. Daga ranar maganar kuza ta mutu.

Maƙerin garin ya same ni da daddare ya ce me zai sa in riƙa sayo ƙusa daga ƙasar waje alhali yana nan. Na ji nauyinsa ƙwarai, don sa'an Kawu ne. Na ce, "Baba, ba raini ba ne. Wannan ƙarfe ne da ba ya tsatsa, lamba 316 ake ce masa, kuma ƙusar da marikinta dole su zama ƙarfe iri ɗaya, in aka gauraya ɗaya zai ci ɗaya a cikin rami inda ido ba ya gani. Ran mutum za a rataya a kai shekara da shekaru." Ya juya ƙusar a hannunsa, ya ce ya gane. Shi ya ƙera mana sandunan ɓamɓare dutse, da turakun alamar hanya, da gadon ɗaukar majinyaci mai naɗewa wanda har yau yake rataye a zauren Kawu.

Aikin buɗe hanya ɗaya yakan ci mini kwana biyu zuwa uku. Ina hawa ta baya da kaya, in kafa ƙusa biyu a sama, in sauko a jikin igiya ina rataye da ɗamara. Da farko shara: burushin waya, da sanda, a cire ƙasa da busasshiyar ciyawa da duk ɓallin da hannu zai iya fizgowa. Sannan in gwada hawan sau da yawa igiya na riƙe da ni daga sama, ina sa alamar alli a inda mutum zai iya tsayawa da hannu ɗaya ya maƙala ƙugiya. Nan ne ake gane mai tausayi. Dogon mutum yakan sa ƙusa inda shi kaɗai zai kai, ni kuwa ina tuna cewa yara da mata za su bi hanyar. Kusa da ƙasa ana matso da ƙusoshin kusa da juna, domin wanda ya faɗo daga ta biyu ko ta uku ba shi da tazarar da igiya za ta tare shi kafin ya taɓa ƙasa sai an yi haka. Bayan alama sai guduma, sai huda, sai a hure garin da bututu a goge ramin da ƙaramin burushi, don ƙusar da ta zauna a kan gari ba ta kama ba. Dutsen yana da taurin gaske. Batir ɗaya ba ya wuce rami tara ko goma, bakin injin kuma yana dakushewa da wuri. Kullum da yamma batiran suna shagon mai cajin waya da sola, a jere da wayoyin gari.

A hunturu na biyu na yi kuskuren da har yanzu in na tuna shi gabana ke faɗuwa. Akwai wani falle a sama, girmansa ya kai ƙofar ɗaki, yana amsa guduma kamar ganga, kuma yana kan hanyar da nake buɗewa. Na yanke shawarar ture shi. Na leƙa ƙasa ban ga kowa ba, na yi kira sau biyu, na sa sanda. Na zaci zai faɗi a gindin katangar ya tsaya. Sai ya daki wani tudu ya tarwatse, babban ɓarin ya gangara ta kwana ya sauka a kan wani falale da ba a hangowa daga inda nake. Shanya ce a wurin. Barkono da kuɓewa da dawa, faranti da ƙwarya duk sun farfashe. Yarinyar da ke gadin shanyar daga awaki ta tashi ɗebo ruwa ke nan, ko rijiya ba ta kai ba.

Matar Kawu ce ta tare ni a tsakar gida. Ta ce, "Ka je wajen Dagaci, ka je wajen Sarkin Baka, ka je wajen Liman. Wa ka tambaya a cikinmu? Wa ke wuni a gindin dutsen nan tun daga kaka har bazara?" Na ce, "Inna, ban tambayi kowa ba." Ban da wata amsa. Na zauna da maza a zaure na ɗauka na ji daga bakin gari, alhali masu sussuka da shanya da ɗiban itace a wurin ba sa shiga zauren Dagaci. Na biya abin da ya lalace, na je gidan su yarinyar na ba iyayenta haƙuri, na ajiye injin sati uku. Inna ta tara matan unguwa a gidanta, na zauna daga bakin ƙofa, suka lissafa mini falale bakwai da ake shanya a kai da hanyoyi biyu na masu itace. Suka kafa sharaɗi: ba a ture dutse sai ranar kasuwa da safe lokacin da wurin ba kowa, sai an sanar tun daren jiya, sai kuma an tsayar da mutum a kowace hanya da usur. Hanyoyi uku da na riga na kafa wa ƙusa suna kan shanya kai tsaye. Na cire marikansu, na buga ƙusoshin suka nutse, na toshe ramukan.

Daga wannan zama ne maganar abinci da masauki ta fito, kuma su suka tsara ta. Gida-gida ake karɓar girkin baƙi, ana juyawa, Inna ke riƙe da jerin. Kuɗin shiga dutse yana zuwa asusun da mutum biyar ke kula da shi, biyu mata, kuma abin da aka fara yi da shi gyaran famfon tuƙa-tuƙa ne, sai masai biyu a gindin dutse, don na ga yadda bayan gida ke ɓata wuraren hawa a wasu ƙasashe. Liman ya ce sharaɗinsa biyu, a suturce jiki, a kuma sauko idan an kira salla. Mata masu hawa suna sa wando da doguwar riga, su cusa hijabi cikin hular kwano don kada ya shiga na'urar igiya.

Maganar maciji ba mu yi wasa da ita ba. Gobe-da-nisa tana son irin wannan wuri mai duwatsu da busasshiyar ciyawa, asibitin Kaltungo da ya shahara da maganinta kuma yana can jihar Gwambe, ya yi nisa. Kafin kowane hunturu nakan je da kaina in tabbatar da asibiti mafi kusa da ke da allurar dafi. 'Yan acaɓa biyu ba sa barin gari duk ranar da ake hawa. Kowa ya san dutsen da ake tsayawa a kai a sami sabis na waya.

Baƙinmu na farko ɗalibai ne su tara daga Bauchi, sai wasu daga Kano da Jos. Da gangan ban nemi Turawa ba. A Mali, kusa da Hombori, akwai dutsen da ake kira Hannun Fatima, katangarsa ta kai wajen mita 600, kuma shekaru da dama mahaya daga Faransa da Sifaniya suna zuwa, mutanen wurin suna samu. A watan Nuwamba 2011 aka sace Faransawa biyu a Hombori, rikici ya biyo baya, ƙafa ta ɗauke. Wurin da ya dogara da baƙon nesa, labari ɗaya a rediyo ya isa ya kashe shi. Mu ma dajinmu ba a rasa jin motsi, shi ya sa dattawa suka ce kada a baza sunan garin a intanet. Mai son zuwa ta hannun wanda ya taɓa zuwa yake zuwa, kuma idan Sarkin Baka ya ce wannan satin a dakata, ana dakatawa.

Yanzu hanyoyi 31 ne a fuskar arewa, yawancinsu masu sauƙi, daga mataki na 4 zuwa 6a a ma'aunin wahalar hawa na Faransawa da na saba da shi. Sunayensu yaran gari ne suka raɗa: Tsanin Rema, Barkonon Inna, Hantsi Leƙa Gidan Kowa. Cikin yaran akwai wani makiyayi da ya fara da riƙe mini jakar ƙusa. Ranar da na fara ɗaura masa ɗamara ya haye hanyar da ni na yi kwana biyu ina fama da ita, ba takalmi. Sai da na yi wata guda ina hana shi gaggawa kafin ya yarda cewa riƙe wa wani igiya ya fi hawan muhimmanci. Yau su huɗu ne ke iya kula da baƙi, su duba ƙullin igiya, su duba ɗamara, su kuma ƙi mutum idan ya ƙi sa hula. Bayan kowace damina mu biyar muke bin ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya da sufana.

A hunturun da ya wuce muna rataye ni da makiyayin nan a gefen yamma, shi zai kafa hanyarsa ta farko da hannunsa. Na sa masa alamar alli a inda nake ganin ƙusa ta shida za ta zauna. Ya karɓi guduma ya ƙwanƙwasa, ya ɗora ɗayan tafinsa a gefe ya sake bugawa. Ni ban ji komai ba, iska na kaɗawa. Ya ce, "Yaya, wannan ya rabu da uwarsa." Na matso na kara kunnena a jikin dutsen na ce ya sake. Can ƙasa-ƙasa na ji gangar. Ya goge allina da gefen hannu, ya matsa kamu biyu zuwa dama, ya buga ya ji ƙas, sannan ya miƙo hannu na ba shi injin.